Faifan Bäbi na Milford Graves: kiɗa ne ko hayaniya?

Mai_Faifai
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna a kan wani faifai, tunda cikinmu akwai makaɗa, akwai masu sutudiyo, akwai kuma masu kunne kawai. Sunansa Bäbi, na Milford Graves, makaɗin ganguna baƙar fata daga New York a Amurka. An ɗauke shi a watan Maris na 1976, a wani wasa da gidan rediyon WBAI ya shirya, ya fito a 1977. Mutum uku ne kacal: Graves a kan ganguna, sai mabusa biyu, Arthur Doyle da Hugh Glover, da saksofon ɗinsu. Babu fiyano, babu jita, babu baitin waƙa, sai ihu da gurnani da shi Graves yake yi da baki yana tsaka da kiɗa. Wannan shi ne 'yantaccen jaz, wanda ba a ɗaure shi da taki guda, kuma akasarinsa nan take ake ƙirƙira shi.

Ni abin da na ji shi ne: a faifan nan ganga ce take magana, masu busa su ne 'yan amshi. Ba za ka iya rawa da shi ba, amma akwai tsari a ciki daga farko har ƙarshe. Wanda ya saurara ya faɗi abin da kunnensa ya gaya masa.

Bazazzagi
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma wannan hayaniya ce. Na kunna, ban yi nisa ba na kashe. Ji na yi kamar na shiga layin maƙera da hantsi, kowa yana dukan nasa ƙarfen, ga kuma mutum biyu suna tsala ihu da abin busa. Kiɗan da ƙafa ba ta samu wurin takawa ba, kai bai samu abin kaɗawa ba, me ya rage a cikinsa?

Ummu_Sadiq
Ina bayan Bazazzagi. Ni gangar ba ta dame ni ba, masu busar nan ne matsala. Wani wurin har cikin haƙorana nake jin ƙarar. Da ganga ce ita kaɗai da na iya zama.

Ɗan_Makaɗa
Bari in sa baki, don a gidan kalangu na tashi. Mahaifina mahauta ya yi wa kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, mu kuma muka taso muna riƙe masa ƙananan ganguna.

Abin da kunnena ya fara kamawa shi ne muryar gangunan mutumin nan. Ba busasshen amon gangar 'yan fareti ba ne. A buɗe suke, amon yana da ciki, kuma yana hawa yana sauka. Mu da tsarkiya muke yin haka. Ka rataya kalangu, ka matse hammata amo ya hau, ka sassauta ya sauko, da haka ake fitar da take har mai taken ya ji an kira shi ko yana can bayan kasuwa yana fiɗa. Wanda bai sani ba zai ce duka ne kawai ake yi, alhali magana ce. Wannan Ba'amurken ba shi da tsarkiya, amma na ji gangarsa tana lanƙwasa amo. Duk wanda ya iya haka makaɗi ne, ba na tantama.

Inda nake da ja shi ne nan. A wurinmu babban kalangu yana da damar ya yi yawo, ya yi magana, ya yi shiru, ya dawo, saboda akwai yaro a baya da kuntuku yana riƙe da taki ba ya motsi. In yaron nan ya kuskure, harara ɗaya ta ishe shi. 'Yancin babba a wuyan ƙarami yake. To a faifan nan wa yake riƙe da takin? Na nema ban samu ba.

Mai_Faifai
Madalla da Ɗan_Makaɗa. Batun amo akwai dalilinsa. Gangunan jaz fuska biyu gare su, sama da ƙasa. Graves ya cire fatar ƙasa ya bar su baki buɗe, shi ya sa amon ke fitowa da faɗi. Ita kuma ƙaramar gangar nan mai wayoyi a ƙarƙashi, wadda ke ba da "kas-kas" ɗin fareti, ya ajiye ta gefe. In ka kalli bidiyonsa za ka ga yana danna gwiwar hannu a kan fata yana duka, amon ya canja. Kuma ba da gangunan jaz ya fara ba. Da konga da timbali ya fara tun yana yaro, yana kiɗan mutanen Kuba da Latin a unguwarsu ta Jamaica a Queens, daga baya ya koyi tabla ta Indiya. Da hannun mai gangar tafi ya zo kan gangar sanda.

Tambayarka ta wa ke riƙe da taki kuwa, ita ce cibiyar maganar. Bari mu ji wasu.

Injiniyan_Sauti
Ni sana'ata ke nan, kullum ina gaban kwamfuta ina haɗa wa mawaƙa kiɗa. Yadda muke yi, kafin a buga komai sai an zaɓi gudu, a ce bugu 100 ko 120 a minti. Allon a tsage yake da layuka, kowane bugu dole ya faɗa kan layinsa. In mai fiyano ya ɗan yi gaba ko baya, maɓalli ɗaya zan danna ya koma daidai. Muryar mawaƙi ma haka ake gyara ta. Kunnuwanmu duka sun saba da wannan, har ya zama in kiɗa ya ɗan numfasa sai mu ce kuskure ne.

Na ɗora faifan nan a kan allona don in ga ko zai zauna a kan wani layi. Bai zauna ba. Amma abin da na gani a zanen sautin shi ne igiyoyi: ya taru, ya cika, ya fashe, ya lafa, ya sake taruwa. Kuma duk inda gangar ta juya, masu busar suna juyawa tare da ita cikin ƙiftawar ido. Mutum uku ba sa juyawa tare bisa haɗari. Sauraron juna suke yi, sauraro mai tsanani.

Bazazzagi
Injiniya, ko gardama ake yi a tasha mutane suna ɗaga murya tare su sauke tare. Wannan bai mayar da ita waƙa ba.

Almajirin_Tarihi
Ina ganin sai an san lokacin da kiɗan nan ya fito kafin a yanke masa hukunci. Mai saksofon Ornette Coleman ya ɗauki faifan da ya ba salon sunansa, wato Free Jazz, a ƙarshen 1960, da makaɗan ganguna biyu a lokaci guda. A 1964 Bill Dixon ya shirya taron kwana huɗu a wani ƙaramin gidan shan shayi a New York don masu wannan sabon kiɗa, Graves yana cikin waɗanda suka yi wasa, yana ɗan shekara 23. A Fabrairun 1965 aka harbe Malcolm X a birnin, a 1968 aka harbe Martin Luther King. Waɗannan samari baƙaƙen fata ne da aka gaya wa iyayensu inda za su zauna a bas da ƙofar da za su shiga. Arthur Doyle ɗin da ƙararsa ta dami Ummu_Sadiq haifaffen Birmingham ne a Alabama, garin da aka sa bam a cocin baƙar fata a 1963 yara mata huɗu suka mutu. In ya ɗauki saksofon ya yi kururuwa, ni ba na jin ta a matsayin rashin iyawa.

Sannan ba bare ba ne a gidan jaz. Da fitaccen mai saksofon na jaz John Coltrane ya rasu a Yulin 1967, Albert Ayler ya yi busa a wurin jana'izarsa a cocin St. Peter's, kuma Graves ne ya buga masa ganga ranar.

Ummu_Sadiq
Allah sarki. Wannan ya sa na fahimci dalilin kukan, Malam. Amma fahimtar dalilin kuka daban, jin daɗinsa daban.

Kunnen_Jaz
Gyara kaɗan, kada a ɗauka Graves ne kaɗai ya kwance wa ganga dabaibayi. Sunny Murray ya riga shi fitowa fili da wannan salo, tare da Cecil Taylor tun 1962, sannan da Ayler a 1964. Akwai Andrew Cyrille, akwai Rashied Ali da ya yi wa Coltrane kiɗa a shekarunsa na ƙarshe. Bambancin shi ne Murray ya fi zama a kan faifayen tagulla da ake duka a gefen ganguna, kiɗansa yana shawagi a sama. Graves a kan fata yake zaune, nauyinsa a ƙasa. Shi ya sa nake ganin kunnen Bahaushe zai fi saurin kama Graves.

Kuma kamfanin da ya fitar da Bäbi, IPS, nasu ne shi da Cyrille. Manyan kamfanoni ba sa son irin wannan kaya, gidajen rawa ba sa gayyatarsu. Tun 1966 da ya yi wasa da mai fiyano Don Pullen a jami'ar Yale, su da kansu suka buga faifan, har bangonsa da hannu suka yi wa fenti.

Sarkin_Zance
Ni fa da na ji, kiɗan bori ya faɗo mini a rai. Ihun nan da yake yi, da yadda abin ke hawa har ya kai maƙura, kamar mai jiran wani abu ya sauka.

Ɗan_Makaɗa
A'a ɗan'uwa, nan ba daidai ba ne. Kiɗan bori ya fi kowane kiɗa riƙe taki. Garaya ko goge, da mata a kan ƙwarya, abu guda ake maimaitawa ba a kaucewa, kuma kowane iska da takensa sananne. Maimaicin ne ma yake aikin. Faifan nan kuwa ba ya maimaita komai. Mu daina jingina duk abin da ya yi mana baƙo da bori.

Sista_Asibiti
Tambayar Ɗan_Makaɗa ce ta sa zan yi magana, don amsar da Graves ya bayar ta shafi aikina. Shi a wurinsa zuciya ce mai riƙe da taki, kuma zuciya ba agogo ba ce. Wannan ɓangaren gaskiya ne. Zuciyar babban mutum mai lafiya in yana hutawa tana bugawa tsakanin 60 zuwa 100 a minti, amma tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ɗaya ba ce. In ka ja numfashi takan ɗan yi sauri, in ka sauke ta ɗan lafa. Ku gwada: ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ku ja numfashi a hankali ku sauke. A jikin yara da matasa ya fi fitowa. In na sa abin sauraro a ƙirji, sauti biyu nake ji a kowane bugu, na farko ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan zuciya ne suke rufewa, na biyu ƙofofin manyan jijiyoyi, kuma amonsu ba iri ɗaya ba ne.

Graves ya shafe shekaru yana ɗaukar sautin zuciyar mutane a ɗakin ƙasa na gidansa a Queens. A 2000 ya samu tallafin gidauniyar Guggenheim, ya sayi na'urorin wannan bincike. Ya koyar a kwalejin Bennington da ke Vermont tun 1973, kusan shekara 40. Kuma ciwon zuciya ne ya kama shi a 2018, ya rasu ranar 12 ga Fabrairun 2021 yana da shekara 79.

Amma ina roƙo kada wani ya karanta wannan ya ce bugun zuciya barkatai lafiya ce. Ɗan sauyin da ke bin numfashi daban, zuciyar da ke tsalle tana tsallake bugu ga haki ga jiri daban. Mai jin haka ya tafi asibiti, ba ganga zai nema ba.

Injiniyan_Sauti
Sista, Allah ya saka da alheri. Wannan ya yi daidai da igiyoyin da na gani. Ja da saukewa ne, ba ƙirga ba.

Ɗan_Makaɗa
Na ji bayanin Sista, kuma ya shige ni. Sai dai zuciyar mutum tasa ce shi kaɗai. Takin kuntuku na kowa ne: mai rawa, mai liƙi, tsohuwar da ke tafi daga bakin zaure, duk a kansa suke haɗuwa. In makaɗi ya ce takin yana cikin ƙirjinsa, ta ina jama'a za su shiga?

Mai_Faifai
Ta kunne, ina ji. Masu busar nan biyu ai sun shiga, kuma ba a ba su takarda ba. Wanda ya zauna ya bi gangar kaɗai, ya bar busar ta wuce ta gefensa, zai ji inda take yin tambaya da inda take ba kanta amsa. Ba taron biki ba ne, na yarda. Zaman sauraro ne.

Ɗan_Agadas
Gaisuwa daga Nijar. Tunda Kunnen_Jaz ya ambaci Sunny Murray, akwai abin da ya haɗa su da yankinmu na Sahara. A Yulin 1969 an yi babban bikin al'adun Afirka a Aljas, babban birnin Aljeriya. Archie Shepp ya zo da ƙungiyarsa, Murray a kan ganguna, suka hau dandamali tare da makaɗan Aljeriya da Abzinawa, kuma an ɗauki wasan a faifai. In kun saurara za ku ji abin da Ɗan_Makaɗa yake nema: mutanenmu suna riƙe da taki daram, Amurkawan suna yawo a samansa. A kunnena wannan ya fi zama. Kowa ya samu abin da ya iya.

Hajiya_Legas
Ni akwai abin da ba na so a irin wannan zance, wato a riƙa cewa sun "koma Afirka" da suka saki taki. Wace Afirka? Kiɗanmu ƙa'ida ce a kan ƙa'ida. Ku dubi Tony Allen, makaɗin Fela, wanda ya rasu a Faris a 2020. Shi ma jaz ya saurara, Art Blakey da Max Roach, gaɓoɓinsa huɗu kowanne da abin da yake bugawa, amma ko minti ashirin za a yi ba zai saki takin ba. Ga makaɗi jagora, ga 'yanci, ga kuma rawa. Abin da Graves ya yi nasa ne, na New York ne, na zamaninsa ne. A yaba masa a haka, kada a ɗora mana.

Almajirin_Tarihi
Hajiya ta yi gaskiya a babban ɓangare. Ko da yake alaƙar ba ƙirƙira ba ce: Graves ya yi wa Miriam Makeba kiɗa a shekarun 1960, Babatunde Olatunji kuma yana New York a lokacin, har da cibiyarsa a Harlem inda Coltrane ya yi wasa a 1967. Sun ji gangar Afirka da kunnensu. Amma abin da suka gina da ita gininsu ne, a kan damuwarsu.

Kunnen_Jaz
Kuma kada a manta Graves ya iya riƙe taki sarai. Wanda ya yi shekaru yana buga timbali ana rawa ba rashin iyawa ne ya sa ya saki ba. Zaɓi ne.

Bazazzagi
To shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Mutum ya iya dafa abin da kowa zai ci, ya zaɓi ya dafa wanda mutum goma za su iya haɗiya. Makaɗi ai don jama'a yake.

Ummu_Sadiq
Yaya Bazazzagi, a nan kam na ɗan rabu da kai. Ba kowane kiɗa ne na taro ba. Mai gurmi yakan zauna shi kaɗai da dare yana kaɗawa, ba don kowa ba. Ni dai busar ce har yanzu ban iya ba. Akwai nasa da babu masu busa?

Mai_Faifai
Akwai, Ummu_Sadiq. Faifansa na 1965 a kamfanin ESP, shi da Sunny Morgan ne kawai, ganguna da ƙararrawa da sauran kayan duka, babu busa ko ɗaya. Akwai kuma wanda suka yi da Andrew Cyrille a 1974, ganga da ganga suna zance. Ki fara da waɗannan. Wanda kuma yake son ganin mutumin da idonsa, an yi fim a kan rayuwarsa a 2018, za a ga lambunsa na ganyayyakin magani da yadda yake zama a kan ganguna.

Injiniyan_Sauti
Shawara ga masu saurare: kada ku ji Bäbi da lasifikar waya. Ƙaramar lasifika tana yanke amon ƙasa, sai ta bar muku ƙarar saksofon tsirara, gangar kuma ta ɓace. Ina zargin abin da ya sami Bazazzagi da Ummu_Sadiq ke nan. A sa abin kunne mai kyau ko babbar lasifika. Wani kamfani a Chicago, Corbett vs. Dempsey, ya sake fitar da shi a 2018 tare da ƙarin wani ɗauka na mutum ukun nan daga 1969.

Bazazzagi
Da rediyon mota na ji, Injiniya, kuma lasifikata lafiyarta ƙalau. Zan gwada na ganguna zalla da Mai_Faifai ya faɗa, amma a kan wannan ina nan a kan bakana.

Sarkin_Zance
Tambaya ga Ɗan_Makaɗa: in aka ce ka ɗauki kalangu ka zauna da mai algaita, babu kuntuku, babu take, babu wanda za a yi wa kirari, kowa ya bi ɗan'uwansa, za ka iya?

Ɗan_Makaɗa
Mukan yi wani abu mai kama da haka in ana ɗaure sabuwar fata, ana gwada amo kafin a fita. Kowa yana taɓa nasa, wani ya jefa, wani ya cafe, wani lokaci abin ya yi daɗi har a manta da fitar. Amma ba mu taɓa kiransa wasa ba, kuma ba mu taɓa tunanin wani zai zauna ya saurara ba. In akwai mai algaita a zauren nan da yake kusa da Kano, ya yi magana. Injiniya ya kawo na'urarsa, da sharaɗin ba zai gyara ko bugu ɗaya ba.

Injiniyan_Sauti
Na karɓi sharaɗin. Makirfo biyu sun isa. Sai dai a yi shi a tsakar gida, ɗakin sutudiyona ya yi wa algaita ƙanƙanta.